Manajan da Ya Kama Garma Saboda Babana

Kai! Da safen nan ina shan koko ɗana ya miƙo mini waya, wai Alhaji Mamman Lasifika ya rasu a Funtuwa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ku bar ni in ba ku labarinsa, don ko yanzu na tuna shi sai dariya ta ƙwace mini.

Da gyaran rediyo ya fara, a wata 'yar rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa. Sai ya sayi lasifika da batir, yana ɗaurawa a keke zuwa gidajen biki, sunan ya manne masa. Daga nan ya koma nemo wa makaɗa wasa, shi ne ciniki, shi ne mota. Kafin ka ce me, ya zama manaja a wani kamfanin faifai a Kaduna. Da ofis fa, har da fanka!

Mu masu gangar noma ne daga wani ƙauye gefen Malumfashi. Babana ke waƙa, ni da ƙanena muna kiɗi. Alhaji ne ya fitar da mu daga gonakin gayya zuwa dandali, kuma bai taɓa karɓa mana wasa ranar Lahadi da safe ba. Sai ya ce wa mai biki, "Mutanena suna coci, ka jira."

Wajen ƙarshen shekarun saba'in tari ya fara cin muryar Baba. Alhaji ya zo har gida ya ce, "Baba Audu, wallahi muryar nan ba za ta tafi ba a ɗauke ta ba."

Manyansa a kamfani suka ce wa zai sayi kiɗan manoma? Ya yi ta naci har suka ba mu yini guda a sutudiyo. In ya wuce, shi ke nan.

Muka shiga ɗakin, sanyi, tsit kamar asibiti. Muka buga ganga, Baba ya buɗe baki, ba komai. Muka sake, haka. Injiniya ya fara duba agogo.

Baba ya ce, "Mamman ɗana, wa zan zuga? Bango? Ni sai na ga ƙato ya duƙa yana huɗa waƙa ke zo mini."

Alhaji ya fice. Can sai ya sa aka buɗe ƙofar baya, aka jawo makirfo bakin ƙofa. Ashe mai gadi yana da 'yar gonar kuɓewa a wurin.

Jama'a! Ga manaja guda, ya tuɓe babbar riga, daga shi sai singileti da tumbi, riƙe da garmar mai gadi!

"Baba, zuga ni!"

Wayyo Allah, Baba ya ɓarke da waƙa! Muryar da na sani tun ina yaro ta dawo tas. Alhaji na huɗa yana haki, mu muna dukan ganga kamar mahaukata, har injiniyan ya miƙe yana rawa. Kuɓewar mai gadi dai ta sha wahala.

Da kakar auduga faifan ya fito, kowace rumfa a Funtuwa Baba ake ji. Amma Baba bai ga damina ta gaba ba. Yau jikokina da ba su taɓa ganinsa ba sun haddace waƙoƙinsa, kuma Alhaji ne sanadi.

Bara na je duba shi yana kwance. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yakubu, har yau bayana bai yafe wa Babanka ba." Muka yi ta dariya har hawaye. Sai ya turo mini faranti ya ce, "Ɗan buga mini."

Na buga masa.

Allah ya jiƙanka Alhaji, ya yafe maka, ya ba iyalinka haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, Musulmi ko Kirista, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a. Shi ya bar mini muryar ubana.