Gidan da Ya Daina Sayen Kananzir

Sha'ibu ɗan ƙauyen Tirmini ne. Da ya shigo Damagaram neman aiki, a zauren Abba maɗinki ya sauka, cikin unguwar Birni, ya ci tuwon gidan har kamfanin wutar lantarki ya ɗauke shi hawan falwaya.

Gab da samun mulkin kai, Baturen kamfani ya ce wuta na zurarewa, wasu na ɗaura waya a ɓoye. Ya ce wa Sha'ibu ko ya nemo ɓarayin, ko ya koma gonar gero. To, a Birni ƙato ba ya shiga gidan matan aure. Sai Sha'ibu ya yi dabara: ya riƙa zama wajen Delu mai kananzir yana jan ta da hira. Gidan da ya daina aiko kwalba, ai ya samu wani hasken. Da haka ya kama gidaje da dama, har kansa ya fara kumbura.

Rannan Delu ta ce, "Gidan Abba ma tun damina ban ga kwalbarsu ba."

Sha'ibu ya tashi ya bar wajen. Da ya je ya tambayi mai masaukinsa, da magana ta ƙare a zaure. Bai je ba. Tsoron Bature ya fi masa kunyar tuwon da ya ci, ya miƙa sunan.

Da hantsi jandarmomi suka kutsa har ƙuryar gida, unguwa na kallo. Ba waya, ba ƙwan lantarki. Hadiza, matar Abba, suka tarar kan keken ɗinki. Shi kuwa Abba ya taso yana lalube, ya yi karo da bangon gidansa. Ashe idonsa ya daɗe da tafiya. Ita ke ɗinkin da rana a ɓoye, shi ya zauna a zaure yana miƙa wa masu kaya. Fitilar da Abba ke ɗinkin dare da ita ce ta daina amfani, shi ya sa aka daina aika kwalba.

Kafin la'asar Birni ta ji. Masu kawo ɗinki suka kwashe yadinsu, kamar ba hannun nan ba ne ya ɗinka musu rigunan salla.

Sha'ibu ya tsira da aikinsa. Ba a taɓa gano inda sauran wutar ke tafiya ba, ko kuma an gano an yi shiru.

Sai bayan shekara ya iya zuwa zauren. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Sha'ibu ne."

Abba ya karkata kunne.

"Ban san muryar ba," in ji shi.