Rigunan Sanyin da Goggo Take Kawo Mini

Shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, kuma har yau idan na ga dunƙulen zaren saƙa sai na sunkuyar da kai.

Ni ne ɗanta na fari. Mutanen da sun san abin da wannan yake nufi: ba ta kiran sunana, ba ta ɗaukata a gaban mutane, ba ta kallona ido cikin ido. "Kai wannan, zo ka ɗauki tuwonka," iyakarmu ke nan. Kunyar ɗan fari ce, amma yaro bai san al'ada ba, abin da ya gani shi ya sani.

A Panshekara muke haya lokacin. Baba yana aiki a wata masaƙa a Sharada, a ɓangaren kaɗi, kuma akan bar wa ma'aikata guntayen zaren auduga da injin ya tsinka. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, mutuniyar Jos da mijinta yake kamfanin fata a Challawa, ita ta koya wa Inna saƙa da kwarashi. Kafin a ce me, Inna ta fi malamarta. Ba ta yarda da zare sai ta gutsura ta ƙyasta masa ashana: na auduga ya zama toka, ulun roba ya narke ya dunƙule. Ulun nan mai launi, ja da ruwan ɗorawa, shi take sayowa ta saƙa wa jariran unguwa hula da safa, ta saƙa wa ƙannena suwaita. Ni kuwa ko hula ban taɓa samu daga hannunta ba.

Tawa rigar daga Goggo Tabawa take zuwa, ƙanwar Baba. Duk shekara idan sanyi ya kama za ta zo daga Zawaciki da ƙulli a hannu. A ciki akwai riga ta zaren masaƙa, fara-fara ba ado, mai kauri da laushi, kuma kullum daidai jikina. In durƙusa in yi ta godiya. Wata shekara har na ɗaga murya don wadda nake so ta ji, na ce, "Goggo, ke kaɗai kike tunawa da ni a gidan nan." Inna tana bakin murhu. Ta ci gaba da fifita wuta, ba ta ɗago ba.

Ta rasu da damina, ina aji huɗu a sakandare. Sanyi ya zo, Goggo ma ta zo, amma hannu rabbana. Da rashin ta-ido irin nawa na tambaye ta ina rigar bana. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba. Mai saƙar ta tafi."

Maman Rifkatu ce ta ƙarasa mini sauran. Ina jariri an sa mini hular ulu, kaina da wuyana suka feso da ƙuraje. Tun ranar Inna ta haramta wa jikina zaren roba. Zaren masaƙa siriri ne, don haka sai ta ɗaura guntayen ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa sili da yawa ta murza, ta wanke shi ya gama tsukewa, sannan ta fara saƙa. Aikin ya ninka na ulu, a ɗakin Maman Rifkatu kuma take yin sa don kada in gani. Awo kuwa, tun da ba za ta taɓa ni ba, rigata ta makaranta take aunawa da tafin hannu idan tana kan igiyar shanya.

Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu iya magana, amma wannan bai taɓa rage mini kunyar ba. Shekara da shekaru ina zuba godiya a gaban wata, mai aikin tana tsaye tana ji.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Masaƙar Baba ta zama kango, rigunan sanyi a dilar gwanjo suke zuwa, zaren kasuwa kuma kusan duk mai narkewa ne. 'Yata tana rungume ɗanta na fari, tana kiran sunansa, har ta ɗauki hoto ta aika wa duniya. Na san Inna za ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Yaran zamani!" Amma ina zaton a ƙarƙashin mayafin za ta ɗan leƙo, ta ji ina ma ita ce.

Rigar ƙarshe tana nan a akwatina. Idan aka juya cikinta ana ganin ƙullin guntayen, ƙanana, duk an tura su inda ba za su goge ni ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa Aljanna makoma. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kira sunana ba, amma ko shekara ɗaya ba ta kuskure awon kafaɗata ba.