Fetur a Tankin Ruwan Dakta

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba cikin shekarun da na yi a gidan mai, ita ce ranar da muka zuba wa wani bawan Allah fetur a tankin ruwan shansa. Lokacin ina shekara ta huɗu da zama manaja a gidan man da ke bakin hanyar Sandamu, in ka fito daga cikin Daura. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana, na san kun ji labarin guntu-guntu. Yau bari ku ji shi daga bakin wanda aka yi a gabansa.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, manaja shi ke riƙe da gidan a madadin mai shi. A ƙarƙashinsa akwai masu zuba mai, kowa da famfonsa. Dokar da muke koya wa sabon shiga ba ta da yawa: ka tambayi mai mota fetur ne ko gas, ka tabbatar ya kashe mota, ka nuna masa mita tana kan sifiri, sannan ka zuba. Babban cikinsu a lokacin shi ne Baba Idi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya koya mini riƙe tiyon mai tun ina sabon zuwa. Ban taɓa jin wani direba ya kawo ƙararsa ba.

Ranar Litinin ce, tsakiyar bazara, ana gab da kiran azahar. Ina zaune a ofis sai na hango wata farar mota ta shigo, doguwa, ta fi bas tsayi, da tagogi masu labule da farantin sola a samanta. Ban taɓa ganin irinta ba. Wani dattijo mai furfura ya sauko, ya ce wa Baba Idi a cika masa da fetur, ya ɗauki buta ya nufi bayan masallacinmu. Daga baya na san cewa likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, mutumin Sandamu, kowa Dakta yake ce masa. Da motar yake bin rugagen Fulani ta wajen garin Babban Mutum yana duba shanu, ya yi kwana huɗu ko biyar bai dawo gida ba.

Son ganin ƙwaf ne ya fito da ni daga ofis, ba aiki ba. Na zagaya motar ina leƙe ta taga. Sai ga gado a shimfiɗe, ga ɗan teburi, ga murhun gas mai kai biyu, har da wurin wanke-wanke da famfonsa. Wata dattijuwa, matar Dakta, tana tsaye a ciki tana ciro butar shayi daga kabad. Na sunkuya don in ga yadda ƙasan motar yake, in gane inda duk wannan kaya ya zauna. A nan ne na ga wani siririn tiyo yana tsiyayar da abu a kan siminti. Na sa yatsa na dangwala. Ya yi sanyi, ya bushe nan take. Fetur ne.

"Baba Idi, tsaya! Saki!"

Ya saki, ya juyo yana kallona. "Lafiya, Manaja?"

"Motar na yoyo."

Daidai nan Dakta ya dawo, hannuwansa na ɗigar ruwan alwala. Ya kalli inda bakin tiyon yake a soke, sai butar ta faɗi daga hannunsa.

"Innalillahi! Wannan ai tankin ruwa ne! Hajiya! Kada ki taɓa famfo! Kada ki ƙyasta ashana!"

Ashe ashanar na hannunta. Ta riga ta ɗora butar shayin a ƙarƙashin famfo, saura ta murɗa. Ta ajiye komai a hankali ta sauko.

Abin da horo ya koya mana shi muka yi. Na aika aka kashe janareta, duk famfunan gidan suka tsaya. Muka hana kowace mota ko babur shigowa. Muka juye bokitan yashi a kan man da ya zuba, mutum ɗaya ya tsaya da tukunyar kashe gobara a hannu. Dakta ya shiga ya rufe tukunyar gas, ya buɗe duk tagogi da ƙofofi. Ba mu yarda an tayar da motar ba. Mu shida muka tura ta can ƙarshen fili, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, nesa da famfuna. Sai da iska ta ratsa ta sosai sannan Dakta ya cire wayar batirin da ke ba ɗakin cikin motar wuta.

Da hankali ya ɗan kwanta, na ce, "Ranka ya daɗe, to ina ne wurin zuba man?"

Ya buɗe ƙofar direba. Sai ga wani ɗan murfi a jikin ginshiƙin ƙofar, wanda ba ya buɗuwa sai ƙofar tana buɗe. Shi kuwa na ruwan yana can gefe, daidai inda kowace bas take da nata na mai, baƙi, mai zagaye, girmansu ɗaya. Akwai ɗan rubutu a kansa, amma motar 'yar Beljiyam ce, da wani yaren Turawa aka yi shi wanda ba Ingilishi ba, ga shi ya kusa gogewa. Na daɗe ina kallon murafan nan biyu. Na tambayi kaina, da ni ne a kan famfon, wanne zan buɗe? Ban ji daɗin amsar ba.

Baba Idi ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Dakta, ni na yi. Ban tambaya ba."

"Ni ma ban nuna maka ba, Malam Idi. Kullum da kaina nake buɗewa. Yau sallah ta ɗauke mini hankali."

Mita ta nuna lita goma sha tara ta shiga. Tankin na cin tamanin, kuma da ma ruwan da ke ciki ya haura lita sittin, shi ya sa ya cika da wuri har ya fara fitarwa ta tiyon ambaliya, wanda na gani yana tsiyaya. Dakta ya bayyana mini dalilin da ya sa ya yi wa Hajiya tsawa a kan famfo. Akwai ɗan inji mai aiki da batir wanda ke turo ruwa da zarar an murɗa famfon. Da ta murɗa, da gurɓataccen ruwan ya bi duk siraran bututun motar, ya shiga injin, ya fito a gefen murhu. Tunda ba a murɗa ba, ɓarnar ta tsaya a tanki da tiyon da ke kai masa ruwa. Ya yagi ƙyalle ya ɗaure kan famfon tamau don kada wani ya manta.

Na kira Alhaji, mai gidan man, na shaida masa. Bai bari na gama ba.

"Wa ke kan famfon?"

"Baba Idi ne, Alhaji."

"Ka karɓi rigar aikinsa yau."

"Alhaji, ka yi haƙuri ka zo ka ga motar tukuna. In ka nuna mini wurin man da kanka, ni ma sai ka karɓi tawa."

Ya ce zai shigo da la'asar.

Kafin nan muka hau aikin fitarwa. Na ce a buɗe magudanar ƙasa kawai komai ya zube a kwata. Dakta ya girgiza kai. Ya ce kwatar nan ina ta nufa? Na ce bayan gida, wajen lambun mutane. Ya ce to awaki na sha a nan, rijiya ma ba ta da nisa. Ya ɗauko kwalbar gilashi, ya ɗebi abin da ke tankin ya ɗaga ta a rana. Cikin ɗan lokaci sai ta rabu biyu, ruwa a ƙasa, fetur a sama, da layi a tsakaninsu kamar an ja da zare. Shekara nawa ina sayar da mai, ban taɓa tsayawa na kalli wannan ba.

Saboda haka ta sama muka fara. A ƙarƙashin kujerar cikin motar akwai babban murfin tankin. Muka sa famfon hannu irin wanda muke jan mai daga duro, ba wanda ya sa baki a tiyo, muka kwashe fetur ɗin cikin jarka ta ƙarfe. Sannan muka buɗe magudanar ƙasa, muka tari ragowar ruwan a duro mai murfi. Duka biyun na sa aka yi musu alama da jan fenti, muka ajiye su har ranar da masu wanke mana manyan tankunan ƙasa suka zo suka tafi da su.

Da la'asar Alhaji ya iso, fuska a ɗaure. Na ce masa, "Bismillah, ga motar." Ya zagaya ta sau ɗaya, ya je kai tsaye ya ɗora hannu a kan murfin ruwan. Da Dakta ya buɗe ƙofar direba ya nuna masa na gaskiyar, sai ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Wane irin mutum ne zai ƙera mota haka?" Maganar karɓar riga ba ta sake tashi ba. Ya ba Dakta haƙuri, ya ce duk abin da gyaran ke bukata a wuyansa.

Ni a raina na ɗauka wanki ne kawai ya rage. Muka kwance tankin muka fito da shi, farar roba ce mai kauri. Dakta ya ce, "Manaja, ba zai wanku ba." Na ce a bar ni in gwada. Ya yi murmushi ya ce tunda tafiyarsa ta riga ta fasa, in gwada, shi ma yana son gani.

Kwana uku na yi a kan tankin nan. Na wanke shi da garin sabulu da ruwan zafi sau biyar. Na sa toka, na sa kanwa, har lemun tsami wani ya ce in matsa, na matsa. Na shanya shi a rana baki buɗe. Ranar Laraba da yamma na cika shi da ruwa mai kyau, na rufe, na bar shi ya kwana. Da safe na ɗebo a kofi, ruwa garau, ba ko alamar maiƙo. Na shinshina, ban ji komai ba. Na ba Baba Idi, bai ji ba. Duk ma'aikatan gidan suka shinshina, kowa ya ce ya fita tas.

Da hantsi Dakta ya zo da Hajiya. Na tarbe su da kofin ina ta fara'a. Hajiya ta karɓa, ko kusa da hancinta bai kai ba ta kawar da kai.

"Ɗan nan, wannan ai fetur ne zalla."

"Hajiya, mu bakwai muka shinshina."

"Ku bakwai ɗin duk a cikinsa kuke wuni. Tun daga bakin titi nake jin warin rigarka."

Na tsayar da wani mai keke da ke wucewa da dami, na miƙa masa kofin ban ce komai ba. Ya shinshina ya ce, "Malam, injin ban-ruwa kuka wanke da shi?"

Dakta ya ce roba tana shan fetur ne kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa ke shan man gyaɗa. Abin da na wanke na saman ne. Wanda ya shige jikinta zai riƙa fitowa kaɗan-kaɗan cikin duk ruwan da ya kwana a ciki, kuma ba abin sha ba ne, ba ga mutum ba, ba ga dabba ba. Aka aika Kano aka samo sabon tanki da sabon tiyo, mai gyaran famfo ya ɗaura. Baba Idi ya sayo fenti da kansa, ya rubuta RUWA da manyan baƙaƙe a saman murfin, da boko da ajami.

Saura tsohon tankin. Yana jingine a bayan ofis, fari fes, sai mai shayin da ke gefenmu ya zo ya same ni.

"Manaja, wannan in ba ku so, ku ba ni mana in riƙa tara ruwa."

"Fetur ya shiga cikinsa."

Ya leƙa, ya shinshina. Shi ma shekararsa goma yana maƙwabtaka da famfunanmu. "Ni ban ji komai ba. Wallahi ya fi randata tsabta."

A nan gabana ya faɗi fiye da ranar Litinin ɗin. Na gane cewa in na hana shi, gobe wani zai ɗauka, in na jefar a bola kafin magariba yana gidan wani, yara na sha. Na aika aka aro zarto. A gaban mai shayin ni da Baba Idi muka raba tankin nan gida huɗu. Ya yi fushi, ya yi sati bai gaishe ni ba.

Tun daga lokacin na ƙara abu ɗaya a dokar gidan: duk motar da ba ka saba gani ba, mai ita ne zai buɗe murfin da hannunsa, ko da kuwa ka shekara talatin a kan famfo. Sabon shiga ba ya ba ni tsoro sosai, domin shi yana tambaya. Mu tsofaffin hannu ne abin tsoro. Hannunmu ya san hanya har ya daina jiran ido, hancinmu kuma ya saba da mai har ya daina jin sa. Saboda haka in kuna shakkar wani abu a aikin nan, kada ku tsaya a kan abokin aikinku, don abin da ya ɓoye muku shi ma ya ɓoye masa. Ku fita bakin titi ku tambayi mai wucewa.