Takardar Izinin da Na Ƙaga

Kafin a ɗaure ni, sana'ata buga takardu a Daura. Iyakar karatuna sakandare, amma ina da shago da kwamfuta da injin fotokofi, kuma an san ni da tsari. Ba na barin layi a karkace. Shi ya sa ɗaliban jami'a masu digiri na biyu suke kawo mini aikinsu.

A wajensu na san wata ƙa'ida. Duk wanda zai yi bincike a kan mutane, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba shi izini a rubuce. Da farko ya miƙa bayanin abin da zai yi. Sannan takardar amincewa da za a karanta wa mutanen da Hausa. Sannan ya faɗi yadda zai kare sirrinsu. Kwamiti ya zauna, ya dawo masa da gyara, ya gyara, ya sake jira. Kullum a shagona sai ƙorafi, har ni ma na ɗauka kwamitin nan ba abin da ya iya sai ɓata wa mutane lokaci.

Farkon abin, wani ɗalibi ne ya zo da takardar izini ta gaskiya wadda wa'adinta ya ƙare, ya ce in taɓa masa kwanan wata. Na taɓa. Ba wanda ya lura. Na biyu ya ce in cire sunan abokinsa in sa nasa. Daga nan na kwafe hatimin da sa hannun na ajiye a kwamfuta, na koma ƙaga takardar gaba ɗaya. Ban taɓa kiran kaina ɓarawo ba. Cewa nake taimako nake yi.

Ana haka Lawal ya zo, ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Baure, yana bincike a kan masu tarin fuka. Sau biyu kwamiti yana dawo masa da takardunsa. Ya ajiye mini takardar gyaran a tebur ya ce, "Malam, damina ta kusa. In mutanen nan suka shiga gona, wa zai zauna ya amsa mini tambaya?" Na ce ya dawo bayan la'asar ya karɓi takardar izini. Takardar gyaran ko karanta ta ban yi ba, a bayanta na gwada tawada.

Da ya gama zagayen ƙauyuka, ni na buga masa kundin binciken. Ya kawo littafin da ya rubuta mutanen a ciki a birkice, abin ya tsaya mini a rai. Na zauna na jera su a shafin ƙarshe: suna, ƙauye, sana'a, kowa a layinsa. Lawal ya duba ya ce, "Anya sunayen nan, Malam?" Na ce, "Kai ne mai buga takardu ko ni? Haka ya fi kyau."

Kafin ma ya kai wa malaminsa, ya bar kwafi ɗaya a teburin asibiti. Wani mai jiran layi ya buɗe, ya ga sunan Sale, mahaucin ƙauyensu, ya je ya baza labari. Sale ya sha magani a ɓoye har ya warke. Ranar kasuwa ya yanka akuya, har magariba ba wanda ya tsaya a teburinsa. Mako uku a jere haka. Ya kai kuka wajen dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, aka rubuta wa jami'a. Suka duba rajistarsu, babu lambar izinin Lawal. Aka kore shi, shi kuma ya nuna shagona.

A kotu aka karanta gyaran da kwamiti ya nema. Layi biyu ne: a cire sunayen mutane a sa lamba, a ajiye littafin sunayen a kulle. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Takardar ta wuni a teburina. An yanke mini shekara biyu, kuma kowace rana a gidan yari sai layukan nan sun faɗo mini a rai.

Da na fito na hau mota zuwa ƙauyen Sale. Na same shi yana ƙodago a gonar wani. Na durƙusa na faɗa masa ko ni wane ne. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe kai ne. Ni ko fuskarka ban sani ba, me na yi maka?" Na ce ba komai. Ya ce, "To, na yafe maka don Allah. Amma ka bi gida gida ka ce musu na warke, ka ga ko za su ci naman hannuna." Ya juya ya ci gaba da nomansa.

Na tuba, ina roƙon Allah gafara. Abin da ke ƙona mini rai shi ne har yanzu ɗalibai na tare ni a hanya suna raɗa mini ko zan taimaka. To ku ji, 'yan samari da 'yan mata. Ku miƙa takardunku da wuri. In an dawo da gyara, ku karanta shi layi layi, ku yi shi. In damina ta riske ku kuna jira, ku bari sai kaka. Ku shekara ɗaya za ku rasa. Sale bai sake riƙe wuƙar fawa ba.