Fim Ɗin da Baba Ya Kalla a Sito

A shekarun da kuɗin mai ya malalo ƙasar nan, ina yi wa wani injiniya ɗan ƙasar Hungari tafinta. Aikin famfo ya kawo shi Wudil. Bature ne marar yawan magana, sai zuƙar taba. Wata rana ya gaya mini ƙaninsa mai shirya fim ne, ya aiko masa da sabon aikinsa a ɓoye, don hukumar ƙasarsu ta hana a nuna shi.

Ya ce, "Samarinmu na yanzu sun daina neman 'yan wasa. Ƙauye suke shiga, su sa manomi ya maimaita abin da ya same shi."

Ni fim ɗin Indiya kawai na sani, rawa da waƙa. Na ce zan zo da Baba mu kalla ko ya ɗebe kewa. Tun da wani kamfanin titi ya haƙe gonarsa ta hanyar Utai ya kwashi marmara, Baba ya daina zama majalisa.

Bayan la'asar muka shiga siton aikin famfon, muka toshe tagogi da buhuna, Baturen ya kunna majigi. Hoton baƙi da fari ne, babu kiɗa. Wani tsoho yana tsaye bakin ƙofa, mutane masu takardu suna share masa rumbu, har irin shuka ba su bari ba. Aka daɗe ana nuna fuskarsa. Na fara fassara maganar masu takardun, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Bar shi, ai na ji."

Da aka gama ya ce, "Tambaye shi, da suka ƙare ɗaukar hoton, an mayar masa da hatsinsa?"

Baturen ya ce a'a, abin ya faru ne shekaru da dama kafin a yi fim ɗin. Tsohon ma ya mutu bai ga kansa ba.

Baba ya laluba takalminsa. "To, sau biyu ke nan aka share masa rumbu. Allah ya kyauta."

Muka kama hanyar gida. Na ji kunyar kawo shi.

Daminar shekarar ramin gonar ya cika da ruwa, Baba bai yi shuka ko'ina ba. Yayata da ke aure a Dagumawa ta ɗauke shi ya zauna wurinta. A can ya rasu kafin kaka.