Kamu Ɗari Uku da Kalma Ɗaya

Mahaifina kafinta ne a Fadaman Mada, kuma shekara da shekaru shi ke koyar da yara a makarantar Lahadi ta cocinmu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini, ko da faɗa zai yi mini.

Ina aji huɗu na firamare ya kwashe mu, mu 'yan ajinsa, zuwa gonar wani abokinsa a Inkil bayan an cire amfani, don ya nuna mana girman jirgin da ya tsira daga ruwan Tufana. Littafi Mai Tsarki ya ba da tsawon jirgin kamu ɗari uku. Baba ya yanki kara daidai kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsan tsakiya, ya riƙa kwantar da shi a ƙasa muna ƙirgawa da ƙarfi. Da muka kai ɗari uku ya kafa turke, ya ce mu waiwaya. Kekensa da muka bari a farkon awon ya koma ɗan mitsitsi. Daga ranar ba wanda ya sake tambayarsa inda giwa ta sami wurin kwanciya.

Na girma na sami aiki a gidan rediyo, aka ba ni shirin kimiyya na ranar Alhamis da la'asar. Baba ya sayi sabuwar rediyo ya rataya a ƙusa a shagonsa. In lokacin shirin ya yi, ko ƙofa yake haɗa wa mutum sai ya ajiye guduma.

Wata damina muka yi shiri a kan ambaliya. Baƙonmu malamin kimiyyar ƙasa da duwatsu ne, ba ya jin Hausa. Yana magana da Turanci, ina fassarawa kai tsaye. Can wani ya bugo waya ya tambaya: shin kimiyya ta ga alamar ruwan Tufana?

Malamin ya amsa a natse. Ya ce da duk ruwan da ke sama, cikin iska da gajimare, zai zubo lokaci guda, zurfinsa a doron ƙasa ba zai wuce gaɓar yatsa ba. Ko ƙanƙarar duniya ta narke gaba ɗaya, manyan duwatsu za su tsaya a sarari. Amma ya ce a ƙasashen da labarin ya fito an tono laka mai kauri da manyan ambaliyoyi suka bari, kuma mutumin da ya duba gabas da yamma bai ga komai ba sai ruwa, in ya ce duniya ta nutse bai yi ƙarya ba. Sai ya rufe da wata kalmar Turanci, wadda a wurin masana take nufin tsohon labarin da al'umma ke adana abin da ya girgiza ta a ciki.

Ina da kalmomin da zan fassara ta da su: ina da "ƙissa". Ina da "labarin mutanen da". Jar fitilar ɗakin shiri tana kunne, malamin yana kallona. Na ce tatsuniya.

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada na je gida. Na tarar da Baba a tsakar gida yana cire takalmi.

"Sannu da zuwa, Malama," ya ce.

Na waiwaya in ga ko wata ce ta shigo bayana.

"Baba, ni ce."

"Na gan ki. Ashe duk shekarun nan 'ga ta nan, ga ta nanku' nake yi wa 'ya'yan mutane a coci. Da kin gaya mini tun a Inkil, ai da ban sha rana ba."

Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Kai ma dai, bar yarinya ta sha ruwa tukuna."

"Yarinya? Wadda ta auna ruwan sama da yatsa?"

Bai ɗaga murya ba. Washegari ya sauke rediyon daga ƙusa ya ba maƙwabcinsa, wani tela Musulmi da shagonsu ke jingine da juna.

Ba Baba kaɗai kalmar ta ɓata wa rai ba. Musulmi da Kirista sun yi ta bugo waya ofis, aka ce in yi gyara a shiri na gaba. Na rubuta gyaran da kaina, jimla huɗu. Na ce baƙonmu bai ce tatsuniya ba, ni na faɗa, kuma kuskure ne; kalmar da ta dace ita ce ƙissa. Na karanta shi a hankali, mutum ɗaya kawai nake gani a gabana. Ranar tun azahar ake ruwa.

Maganar ta mutu a gari, amma a gida na ci gaba da zama Malama. Na gaya masa na yi gyara, ya ce to madalla. Muryar gyaran da na naɗa tana cikin wayata. Da na so, da na kunna masa. Ban kunna ba, don ina tsoron ya saurara har ƙarshe sannan ya sake ce mini Malama.

Da rani ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Wata safiya ina ba shi kunu ya ture cokalin.

"Malama, tambaya ɗaya. Ruwan nan ya rufe duwatsu duka, ko bai rufe ba?"

Na san amsar da yake so. Na kuma san zai gane in na ba shi ita don tausayi.

"Baba, in awo za a bi, ruwan bai isa ba. Amma ya rufe duk abin da mutanen suka sani."

Ya ɗaga hannunsa da ya rame, ya dube shi daga gwiwa zuwa yatsa.

"To," ya ce, "kamunki ya fi nawa."

Ya karɓi cokalin ya shanye kunun. Bai ga daminar da ta biyo ba.

A wurin zaman makoki telan nan ya zo gaisuwa. Ya zauna nesa kaɗan, hula a gwiwa, ya yi mana addu'ar haƙuri. Da zai tashi ya matso kusa da ni.

"'Yata, akwai abin da ba ki sani ba. Duk Alhamis da la'asar sai babanki ya fito da benci ƙofar shagona, wai hasken nan ya fi kyau don wasa zarto. Zarto ɗaya, kullum shi ake wasawa. Ni kuwa sai in ƙara muryar rediyon da ya ba ni. In kin gama ya ce, 'Uwata ta iya Hausa,' ya ɗauki bencinsa."

Na tambaye shi ranar da na yi gyara fa.

Ya juya hular a hannunsa.

"Ranar ruwa aka yi, bai fito ba. Na ba shi labari washegari. Ya ce shi bai ji da kunnensa ba."