Teku Ba Ta da Rijiya

Jiya a Tirmini na ga kwale-kwalen marigayi kawuna, 'ya'yansa sun mai da shi komin dusar awaki. Har yanzu raina tafasa yake.

Shekaru ya yi yana shirin jan jirgin nan a bayan mota har Kotonu, don ya ƙetara teku, gari na yi masa dariya. Wata rana na same shi zaune a ciki da tsakar rana, yana warin kwalta da gumi, yana koya wa kansa ƙishirwa da ruwa kofin shayi guda.

Ya ce, "Ɗana, teku ba ta da rijiya."

Ku da ba ku taɓa wuce tasha ba, shi kuka kira mahaukaci?

Allah ya ƙetarar da kai siraɗi lafiya, Kawu. Su kuma ya bar su da awakinsu.